Sunan Da Ba Ta Taɓa Kira Ba

Shekaru sun tura, furfura ta cika mani kai, har ɗalibaina sun fara yi mani tsiya wai na soma maimaita labari. To su yi ta yi. Akwai abu guda da ya same ni a bakin aiki wanda ko duk sauran sun zube daga kaina, shi kam ba zan manta da shi ba har in koma ga Mahaliccina. Na zauna da mutanen da aka ƙone wa gari, na zauna da waɗanda suka ga abin da bai kamata ido ya gani ba, amma in aka ce in tuno mutum guda, wata Bafillatana nake gani zaune a kan tabarma bayan asibitinmu, ta ɗaure ɗiyarta da gefen zanenta.

Ni 'yar Wurno ce, gidan malamai. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya so in zama malamar Islamiyya, ni kuwa na kafe sai aikin asibiti. Da ya gaji ya ƙyale ni, yana cewa da wannan bakin nawa majinyata ma sai sun gudu. Bai yi ƙarya ba, ni mai surutu ce. Na yi karatun nas a Sakkwato, aka tura ni wani ƙaramin asibiti a ƙasar Goronyo. Lokacin dam, wato madatsar ruwa, ya riga ya zauna, an ja manyan hanyoyin ruwa na siminti, waɗanda manoma ke kira kanal, sun ratsa fadama. Inda a da sai da damina ake ganin kore ya koma albasa da tafarnuwa da shinkafa har tsakiyar rani. Mutane sun samu, ba a musu. Amma ruwan kanal ba irin na gulbin da muka saba da shi ba ne. Gulbi yana da gaɓa, a hankali kake shiga, ka san inda ƙafarka ta tsaya. Kanal kuwa gefensa gangare ne, gansakuka ta lulluɓe simintin, kuma ranar ban-ruwa in aka saki ruwa lokaci guda yake tahowa.

A wannan asibitin na fara lura da wasu irin majinyata. Mace za ta zo ta ce jikinta duka ke ciwo, zuciyarta na bugawa, barci ya ƙaurace mata. In auna zafi, in auna jini, babu komi. In ba ta ƙwaya ta tafi, kasuwa mai zuwa ga ta ta dawo. Da yake ban iya yin shiru ba, sai in yi ta jan su da hira, a nan ne zan ji wannan jirgin ruwa ya kife da su ta fita ita kaɗai, waccan kuma a gabanta gini ya faɗa wa mijinta. Abin ya tsaya mani a rai, na ga ina ta shafa magani a inda ba nan ciwon yake ba. Da aka buɗe wani kwas a Sakkwato na kula da masu raunin zuciya, wato mutanen da tashin hankali ya wuce amma ya ƙi barin jikinsu, na nace wa shugabanmu har ya gaji ya sa mani hannu.

Malamarmu wata dattijuwar likita ce, ba ta da hayaniya. Ita ta koya mana cewa ba a fara wa mutum da tonon abin da ya faru. Sai ya fara jin cewa a nan inda yake zaune babu abin da zai same shi, sai ya koyi yadda zai lallashi jikinsa in firgici ya taso, sannan a bi labarin da kaɗan-kaɗan, shi ke gaba kana biye. Kuma abin da ya faɗa maka amana ne, ba ya fita sai da yardarsa. Ranar farko da ta ji ni ina gwaji, ta bari na gama zuba sannan ta ce, “Ke 'yar Wurno, aikinki na farko ki koyi rufe baki.” 'Yan aji suka kwashe da dariya. Na ji haushi ƙwarai, amma har yau ina yi mata addu'a.

Ban daɗe da dawowa ba aka kawo mani matar nan. Da hantsi ne, ranar kasuwa. Wata tsohuwa ce ta shigo gaba, ita tana biye, doguwa, fara, ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito. Wata 'yar yarinya da ba ta daɗe da yaye ba tana tafe a gefenta, an ɗaure mata ƙugu da bakin zanen uwar, ko taki biyu ba ta iya yi ba tare da zanen ya ja ta ba. Kan yarinyar duk ƙuraje, wuyanta dauɗa ta yi kanta. Na yi mamaki, don matan rugar yankin nan ba su wasa da tsabta.

Tsohuwar ta ce ita uwar mijinta ce, kuma ita ta yi duk bayanin. Surukar tata ba ta son jin ƙarar ruwa. In aka tsiyaya ruwa a ƙwarya sai ta toshe kunne jikinta ya ɗauki rawa. Ta bar wanka, ta bar alwala sai taimama, ta bar tallar nono don hanyar gari ta bakin kanal take bi. Yarinyar kuwa ba ta yarda kowa ya yi mata wanka, ba ta yarda ta matsa ko nan da can. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an kai ta wurin masu ruƙiyya, shiru.

“Malama, mun yi iyakar yinmu,” in ji tsohuwar. “Da an yi ruwan fari shanu za su tashi. In ba ta samu sauƙi ba, ɗiyar ga sai a ba goggonta can Gandi, ita ko a maishe ta gidansu wajen Rabah. Ba mugunta ba ta. Dubi kan yarinyar.”

Na duba, kuma na san ba mugunta ba ce. Na saci kallon uwar, na ga hannunta ya ƙara damƙe bakin zanen.

Na ce, “Inna, tun yaushe abin ga ya fara?”

Sai tsohuwar ta ja gyale ta rufe fuska. “Tun da ruwa yac ci ɗana. Ni ar rasa ɗa, Malama, ni ya kamata in zauce, sai ga shi ita ta riga ni.”

Na dubi tsohuwar, wadda ta wuce haihuwa tun tuni, na dubi matar da ta sunkuyar da kai tana kallon tabarma kamar ba da ita ake ba. Ba sai an yi mani bayani ba. Mu ma a Wurno muna yi, uwata har ta rasu ban taɓa jin ta kira sunan babban wanmu ba. Ɗan fari ne. Ita ta haife shi, aka yaye shi aka ba kaka kamar yadda aka saba, ya zama ɗan tsohuwa. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta san da shi. A wurin Fulani kuwa wannan kunyar ta fi tamu nauyi nesa ba kusa ba. Daga baya na ji cewa kwanakin zaman makoki duk wanda ya zo wurin tsohuwa yake durƙusawa ya yi gaisuwa, ita uwar tana bayan bukka tana dama wa baƙi fura. Ni ma ran nan tsohuwar na yi wa ta'aziyya, don in na juya na yi wa uwar a gaban surukarta, kunya zan ba ta.

Na roƙi a riƙa kawo mani ita duk ranar kasuwa, ta hanyar da ta zagaye kanal. Muka riƙa zama a bayan asibiti ƙarƙashin wata bedi, wato darbejiya, nesa da famfo, don na hana masu shara buɗe shi in tana nan. Zaman farko ko kallona ba ta yi ba. Na ce mata, “Ƙanwata, ni ba ni tambayarki komi. In kin so ki yi magana, in ba ki so ba mu sha iska.” Muka sha iskar kuwa. Allah kaɗai ya san wuyar da na sha, ni da ko a masallacin Idi sai an harare ni.

A hankali ta fara amsa gaisuwa. Na koya mata jan numfashi a sake shi sannu, da dafa ƙasa da tafin hannu in ta ji abin na tasowa. A kwas an koya mana a sa mutum ya ambaci abubuwan da yake gani a kusa da shi don hankalinsa ya dawo, amma ita wannan bai kama ta ba. Wata rana da jikinta ya ɗauki rawa don wata mata ta zubar da ruwan wanki a bayan katanga, sai kawai na ce, “Gaya min shanun garkenku, wace ta ka shiga gaba?” Can ta ambaci wata farar saniya mai karyayyen ƙaho. Na ce sai wa? Ta ambaci ta biyu, da uwar da ta haife ta, da halinta na harbi in ana tatsa. Kafin ta kai ƙarshen garken rawar jikin ta tsaya. Na ce ashe shanu sun fi ni iya aikin, ta ɗan murmusa. Ran nan na fara ganin haƙoranta.

Daga nan muka shiga maganar ruwa. Na fara da jiƙaƙƙen tsumma, ta taɓa ta janye hannu. Wani zaman ludayi guda a ƙwarya. Wani zaman ta riƙe buta da kanta ta ɗiga a tafin hannu, tana ambaton shanunta a hankali. Ranar da ta wanke wa ɗiyarta fuska da hannunta, yarinyar tana ta ƙyalƙyala dariya, sai da na tashi na shiga ɗakin magani kamar zan ɗauko wani abu, don kada ta ga idona. Na ɗauka mun kusa. Ashe ko rabi ba mu yi ba, don zanen nan bai kwance daga ƙugun yarinyar ba, kuma ta ce mani da rana tsaka tana tatsa sai ta ga ruwan yana tahowa a gabanta.

Zafi ya tsananta, an fara ganin hadari yana haɗuwa ta gabas yana watsewa. Wata ranar kasuwa ta zo ta zauna, ban ce komi ba, sai ta fara da kanta. Ba ta ce “ɗana” ba ko sau ɗaya, “yaron Inna” take cewa.

Ta ce ran nan ta je bakin kanal wankin ƙore. Ruwa ya janye, saura kaɗan a ƙasa, yaran ruga da na manoma sun sauka ciki suna kamun 'yan kifaye. Yaron Inna yana cikinsu, shi ne ya fi nisa, ya ba ta baya. Uban mijinta yana nan kusa da ita yana shayar da shanu. Ita ce ta fara jin ƙugin, ta ɗaga kai ta hango ruwan ya karyo kwana.

“Na buɗe baki, Malama,” ta ce. “Sunan ya zo nan.” Ta dafa maƙogwaronta. “Sai nig ga Baffa tsaye. Sai nic ce, ‘Ku yara, ku hito!’ Waɗanda ke kusa sunka ji, sunka haye. Shi bai waiwayo ba. Yaro in ba sunanai anka kira ba, mi za ya sa shi waiwaya?”

Ta ce ya ga ruwan daga baya, ya ruga gefe, ya kama simintin, gansakuka ta zame da shi. Sai can ƙasa wajen gonakin shinkafa aka tsamo shi.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi bakina ya cika da magana. Na so in ce ƙaddara ce, kwanansa ne ya ƙare, ba laifinki ba ne. Duk gaskiya ne, amma ta sha jin su a bakin kowa, kuma ba su taɓa inda ke mata ciwo ba, don babu wanda ya san abin da ta haɗiye. Na danne. Na ce, “Yanzu ba kowa nan, daga ni sai ke. Kina son ki faɗi abin da kika so faɗi ran nan?”

Ta motsa leɓe, ta sake motsawa. Babu abin da ya fito. Ta girgiza kai ta ce, “Bakina bai san shi ba. Tun ran da anka raɗa mai suna ban taɓa hwaɗi ba.”

Na ce, “Ko ke kaɗai, cikin bukka?”

Ta ce, “Ko ni kaɗai. Ina jin kunya.”

Ba ta yi kuka ba. Ni ce da ta tafi na zauna a gindin bedin nan na yi ta yi, har mai gadinmu ya zo yana tambaya ko an yi mani rasuwa ne.

An gargaɗe mu a kwas cewa in mutum ya buɗe abin da ya daɗe a rufe, wani lokaci sai jikin ya ƙara rikicewa kafin ya lafa. Haka kuwa aka yi. Kasuwa ta zagayo ba ta zo ba. Ta sake zagayowa, shiru. Sai ga tsohuwa ita kaɗai, ta ce abin ya dawo sabo, ko abinci sai an yi da gaske, kuma goggon yarinyar ta iso daga Gandi, jibi za ta koma da ita. Ran nan da la'asar na hau babur ɗin kabu-kabu sai rugarsu.

Na same ta a cikin bukka ta rungume yarinyar. Na ce mata, “Ƙanwata, in kin yarda in gaya musu abin da kika gaya min, wataƙila su gane ba hauka ba ce.” Ta zaro ido ta kama hannuna, ta ce in na faɗa gara ta mutu. Na ce to shi ke nan, ba zan faɗa ba. Na fito ba ni da abin da zan riƙa, ga yarinya za a ɗauke, ga magana a cikina da aka ɗaure mani baki a kanta.

Uban mijin yana zaune can gefen garke a kan buzu, dogon tsoho siriri, ya jingine sandarsa a kafaɗa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Baffa, alfarma na zo nema. A ƙara mana lokaci. In aka raba ta da ɗiyar ga yanzu, ina tsoron ba za a sake samo ta ba.” Ya dubi garkensa. Sannan ya ɗaga hannu ya sallami samarin da ke kusa, ya ce da ni, ba tare da ya dube ni ba, “Ta hwaɗa miki ina wurin?”

Na ce, “Baffa, abin da ke tsakanina da ita amana ne.”

Ya gyaɗa kai. “Riƙe amanarki, ba sai kin hwaɗa ba. Ni na ba ruwan baya, saniya nika ja. Da nij juyo, huskarta nif fara gani. Na ga bakinta ya buɗe, ta dube ni, ya ruhe. Na san abin da za ta ce, na san abin da ya hana ta.” Ya tsaya ya gyara zaman sandarsa. “Ban ce mata komi ba, Malama, ban tsawata mata ba. Tsayuwata kawai. Da ban kai shanu wurin ba ran nan...”

Bai ƙarasa ba. Ya ce tun ranar bai sake bi ta bakin kanal ba, gara ya zagaya da shanu ta nesa, mutane suna cewa tsufa ne. Allah sarki, ashe majinyata biyu ne a rugar nan, guda kawai aka kawo mani. Kowannensu yana ɗauke da abin shi kaɗai, tsakaninsu bai fi jifa ba, amma al'ada ba ta bar musu hanyar magana ba.

Na ce, “Baffa, za ka iya gaya mata abin ga da bakinka?”

Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe rawani a kasuwa. Ya ce tun da aka kawo ta gidan bai taɓa yi mata magana kai tsaye ba sai ta bakin tsohuwa, ita ma ba ta taɓa cin abinci ya gani ba. Na ce na sani, ba na raina wannan, mu ma da shi muka tashi. Ban matsa ba. Na yi shirun nan da aka koya mani, har na fara jin ƙafata ta yi sanyi a durƙushe. Can ya dogara sandarsa ya miƙe.

Na riga shi shiga bukka na ce mata, “Baffa na son magana da ke. Ni ban gaya mishi komi ba, Allah shaida. In ba ki so, sai in ce ya koma.” Jikinta ya fara rawa. Na ce ta dafa ƙasa, ta dafa. Ba ta ce a'a ba, ta dai ja gyale ta rufe kanta duka. Tsohon ya zo ya zauna a waje, jikin zanar bukkar, ya ba ƙofa baya. Da Hausa ya yi maganar, ina jin don in zama shaida.

Ya ce, “Ɗiyata, na gan ki ran nan. Na ga abin da kinka yi don girmana. Ba ki yi laihi ba, abin da munka koya muku na kinka yi.” Sannan ya ce, “Ɗanki na. Ba na tsohuwa ba na. Ke kinka haihe shi. Ga ni zaune, ina ji. Kira shi.”

Na ɗauka ba za ta iya ba. Na ga gyalen yana motsi, na ji wani sauti kamar na wanda ya ƙware. Sai ga sunan ya fito, ƙasa-ƙasa, a karkace, irin na bakin da bai saba ba. Ta sake faɗi. Sannan ta yaye gyalen ta miƙe a kan gwiwa, ta ƙwala masa kira da iyakar ƙarfinta, ta ce, “Hito! Hito, ruwa na zuwa!”

Wayyo Allah. Na ji kuka iri-iri a aikin nan, ban taɓa jin irin wannan kiran ba. Ba kukan mutuwa ba ne, kiran yaro ne da ke raye, wanda ake sa ran zai waiwayo. Rugar ta yi tsit, masu daka suka tsaya da taɓare a hannu. Ta yi ta kira har muryarta ta dishe, sannan ta kife a cinyata, kukan da ba ta yi ba tun ranar ya ɓalle. A waje kuwa ina jin tsohon yana ta maimaita innalillahi.

Babu wanda ya ce ta yi rashin kunya. Tsohuwa ce ta fara shigowa. Ta durƙusa a gaban surukarta, abin da ban taɓa gani ba, ta kama hannunta ta ce, “Sannu da haƙuri. Allah shi jiƙan ɗanki.” Sai sauran matan suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya suna yi mata gaisuwa, har da goggon da ta zo ɗaukar yarinya. Watanni bayan an binne shi, ran nan aka fara yi wa uwarsa ta'aziyya.

Goggon ta koma Gandi ita kaɗai, tsohon ne ya ce a bar yarinya wurin uwarta. Kada in yi muku ƙarya in ce ta warke ran nan, ba a warkewa haka. Mun ci gaba da zama har ruwan fari ya sauka. Ta koma alwala, ta koma yi wa ɗiyarta wanka, ƙurajen suka bushe. Amma bakin kanal ba ta yarda ta je ba, ni ma ban tilasta mata ba, na so a ce mun samu wata guda ko biyu a kai, ba mu samu ba.

Zamanmu na ƙarshe, ana gobe za su tashi, ta zo mani da nono a 'yar ƙwarya. Mun yi sallama har ta miƙe, sai ta dawo ta tsuguna ta ce, “Malama, tsakaninki da Allah. Da na kira shi ran nan, da ya ji?”

Na so in ce a'a. Na so in ce ƙugin ruwan ya yi yawa, ya yi nisa, ko kin kira ba zai ji ba. Amma ban san haka ba, ba na wurin, kuma matar da ta ba ni amanar da ba ta ba kowa ba ta fi ƙarfin in sallame ta da ƙarya. Na ce, “Ban sani ba, ƙanwata. Wallahi ban sani ba. Abin da na sani, kin so shi, kuma kin yi ihu iyakar yadda bakinki ya iya.”

Ta dubi ƙasa, hawaye na zuba. Ta ce, “Ni ma ban sani ba.” Ta goya ɗiyarta a baya ta tafi. Ban sake ganinta ba. Na yi cigiya wurin masu tallar nono shekara da shekaru, wasu su ce sun yi gabas, wasu su ce sun haura arewa.

Wannan matar ce ta sa na bar allura da ƙwaya gaba ɗaya na koma wannan aikin, har na kai ga koyar da shi. Ban fito daga rugar nan ina zagin al'ada ba, don kunyar nan ita ta raine mu, kuma mutumin da ya fi kowa riƙe ta shi ne ya sassauta ta da bakinsa da ya ga za ta ci rai na biyu. Abin da na koya shi ne, ba abin da mutum ya gani kaɗai ke karya shi ba, har da abin da aka hana shi faɗi, da kukan da ba a ba shi izinin yi ba. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina, in kun shiga gidan da aka yi rashi, ku gaishe da wanda aka zaunar a tsakiya, sannan ku leƙa bayan ɗaki ku ga wace ce ke dama fura ba ta cewa komi. Kuma in ta tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba, ku zauna tare da ita.